Harshen Wuta Shuɗi: Yadda Ake Duba Zafin Tanderun Gas da Daidaita Shi

A Binduri, gundumar da aka cire daga Bawku a shekarar 2012 can kusurwar arewa maso gabashin Gana, itace da gawayi da karan gero ne har yanzu ke dafa mafi yawan abincin gida. Duk da haka tukunyar gas tana ƙara samun wurin zama a wannan yanki: a teburin mai shayi, a rumfar mai sayar da abinci, da kuma gidajen burodi, inda tanderun ƙarfe da masu walda ke ƙerawa ya fara tsayawa kusa da tsohon tanderun laka. Tun wajajen 1990 gwamnatin Gana ke kiran jama'a su koma girki da gas domin a rage saran itatuwa. A 2013 aka ƙaddamar da shirin kai gas karkara a Garu, maƙwabciyar Binduri, aka raba tukwane da murhuna. Burin ƙasar shi ne nan da 2030 rabin jama'a su kasance da gas suke girki.

Gas ɗin kuwa daga nesa yake zuwa. Wani daga matatar Atuabo da ke yankin Yamma, wani ta tashar jiragen ruwa ta Tema, sannan tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ya iso ƙasar Bawku. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba ya araha, don haka duk kilon da ya ƙone bai gasa komai ba, daga ribar mai burodi aka cire shi.

Akwai maganar da masu gyara suka saba ji. Burodi ya fito fari, ko ya ƙi nuna a kan lokaci, sai mai tanderu ta aika a kira mai walda ta ce: "Ɗana, wutar nan ba ta da ƙarfi, zo ka buɗe mata." Shi kuma ya ce: "To, Hajiya," ya murɗa regileta ko ya sa allura ya faɗaɗa kafar gas. Wuta ta yi tsawo, kowa ya ji daɗi, bayan mako biyu a ga tukunya tana ƙarewa da wuri, gwangwanayen burodi sun yi baƙi, yaran gidan suna kukan ciwon kai. Gaskiyar lamarin ita ce yawancin matsalolin zafin tanderu daga iska suke, da datti, da zafin da ke zurarewa. Ƙarin gas shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, kuma sai bayan an auna.

Daga tukunya zuwa harshen wuta

Abin da ke cikin tukunyar gas ruwa ne, haɗin sinadarai biyu, furofen da biyuten, da aka matse har suka zama ruwa. Ba a cika tukunya fal. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar domin ruwan ya sami wurin kumbura idan ya ji zafi, kuma a wannan sararin na sama ne tururin da muke ƙonawa yake taruwa. Da zarar an buɗe, tururi ya fita, sai ruwan ya tafasa a hankali ya ba da wani. Lita ɗaya ta ruwan tana ba da kimanin lita 250 na tururi.

Ƙarfin da tururin ke da shi a cikin tukunya ya fi abin da bona, wato bututu mai ramuka da wuta ke ci a kansa, ke buƙata sau gommai, kuma yana hawa da sauka tare da zafin gari. Aikin regileta shi ne ya karya wannan ƙarfi ya tsayar da shi wuri ɗaya. Regiletan gida yakan ba da miliba 28 zuwa 30, wanda aka yi wa furofen zalla kuma miliba 37. Miliba 30 ɗan ƙarfi ne ƙwarai, daidai wanda zai iya tura ruwa sama santimita 30 a cikin tiyo.

Daga regileta gas ya bi tiyo ya isa wani ɗan noti na tagulla mai kafa tsukakkiya, wanda masu gyara ke kira jet. Saboda ƙanƙantar kafar, gas yakan fito da gudu ya shiga bakin bututun bona, gudun nan kuma shi ke janyo iskar waje ta wata taga da ke gefen bututun. Su gauraya a ciki, su fito ta ramukan bona, a nan ne wuta ke kamawa. Wannan dabara ta haɗa gas da iska tun kafin su isa wuta ta shahara ne daga ɗakin binciken Robert Bunsen a Heidelberg ta Jamus a 1855, kuma ita ce a cikin kowane murhun gas na yau.

Yawan iskar da ake buƙata zai ba mutum mamaki. Mudu ɗaya na tururin furofen yana son kimanin mudu 24 na iska kafin ya ƙone sarai, na biyuten kuwa kimanin 31. Wani kaso na iskar yana shiga ta tagar bututu, sauran kuma wutar ke jawowa ta ramukan da ke ƙasan tanderu. Sabuwar iska ba za ta shigo ba sai wadda ta ƙone ta sami hanyar fita ta bututun hayaƙi. Ke nan gas, da iskar shiga, da mafitar hayaƙi kamar duwatsun murhu uku suke: ɗaya ya goce, tukunya ta karkace, komai girman sauran biyun.

A Kanada da Amurka, inda ake ɗumama gidaje da tanderun gas, mai gyara yakan zo kafin sanyi ya kankama. Ya share, ya auna ƙarfin gas a bakin bona, ya auna zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, ya kwatanta bambancin da abin da kamfani ya rubuta a jikin na'urar, ya gwada hayaƙin. Sai ya gama wannan duka yake taɓa noti. Tanderun burodi na Binduri aikinsa daban ne, amma jerin matakan ɗaya ne.

Kafin a kunna

Matakin farko shi ne neman inda gas ke yoyo. A kaɗa sabulu a ruwa har ya yi kumfa, a buɗe tukunya alhali makunnin bona yana rufe, a shafa kumfar a bakin tukunya, da gindin regileta, da duk mahaɗar tiyo, da jikin tiyon kansa. Inda kumfa ke kumbura tana girma, nan gas ke fita. Ba a neman yoyo da ashana, ko sau ɗaya. A lanƙwasa tiyo a duba: idan ya nuna tsaga, ko ya yi tauri, ko ɓera ya ɗanɗana shi, a sauya. Tiyon gas daban yake da na ruwa, kuma da maɗaurin ƙarfe ake ɗaure bakinsa, ba da robar taya ba. Ita ma 'yar robar da ke cikin bakin tukunya a duba ta duk lokacin da aka dawo daga cikowa.

Mataki na biyu shara ce, kuma a ƙasarmu ita ce rabin gyara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ga garin fulawa da ke tashi a gidan burodi, ga maiƙo. Su haɗu su toshe jet da ramukan bona. Tanderun da ya yi kwanaki ba a kunna ba kuwa, zanzaro yakan yi ginin lakarsa a cikin bututun bona, gizo-gizo ma ya yi saƙa. Ɗan ginin zanzaro ɗaya ya isa ya hana iska shiga. A rufe tukunya, a bari tanderu ya huce, a ciro bona a goge shi da buroshi, a zura wani abu mai laushi a bututun a fitar da abin da ke ciki, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Jet kuma a kwance shi a wanke, a hura masa iska da famfon keke, a ɗaga shi sama a ga haske ya ratsa. Ba a sa masa allura ko waya, domin tagulla tana da laushi. A ƙarshe a leƙa bututun hayaƙi a tabbata babu kunkunniya ko sheƙar tsuntsu, a kuma kawar da buhu ko tire da aka jingina a kan ramukan iska na ƙasa.

Abin da harshen wuta ke faɗa

Idan aka kunna, a rage hasken ɗakin a zuba wa wutar ido. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, gajera, tsayayya, tana zaune daram a kan ramukanta, da ɗan tsini mai haske a tsakiyar kowane harshe. Tsawonta ɗaya daga farkon bututun har ƙarshensa, sautinta kuma ɗan huci ne kawai.

Wuta mai tsawo, rawaya, mai lilo, wadda ke shafa baƙi a gindin gwangwani, iska ce ta yi mata kaɗan. Ido yana ganin ta fi girma, amma ta fi shuɗiyar rauni, domin baƙin nan da take bari gas ne da aka saya bai ƙone ba. Maganinta a tagar iska yake. A sassauta notin da ke riƙe da murfin tagar, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har rawayar ta ɓace. Idan aka ci gaba za a kai inda wutar za ta fara ƙara tana ɗagawa daga kan ramuka. Daga nan sai a dawo baya kaɗan har ta zauna, a ɗaure notin. Tsakanin rawaya da ɗagawa, nan ne daidai. Idan an buɗe tagar gaba ɗaya rawayar ba ta tafi ba, to ko bututun a toshe yake, ko kafar jet ta yi faɗi.

A nan akwai abin da ke ruɗa mutane lokacin hunturu. Wuta shuɗiya takan riƙa walƙiya da ɗan ja-ja mai ruwan lemo, yana zuwa yana wucewa. Ƙura ce ke ƙonewa, kuma ba ta barin baƙi. Wanda ya ga haka ya ɗora tsabtatacciyar tukunyar girki na ɗan lokaci ya duba gindinta: idan fes yake, kada ya taɓa komai.

Wutar da ke ruri tana tsalle daga kan bona, wani lokaci ta mutu da kanta, iska ce ta yi yawa ko ƙarfin gas ya wuce kima. Wadda kuma ta yi "fau" ta koma tana ci a cikin bututu kusa da jet, da wani sauti kamar gurnani, a rufe gas nan take. Wannan yakan faru idan ƙarfin gas ya faɗi ƙwarai, ko ramukan bona sun yi faɗi, ko tsatsa ta huda bututun. Idan kuma wani sashe na bututun yana ci wani ba ya ci, ramuka ne suka toshe.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne wanda aka fi mantawa: a duba wutar bayan an rufe ƙofa, ta gilashi ko ta ramin leƙe. Wuta takan yi kyau ƙofa a buɗe, da an rufe minti biyar sai ta yi laushi, ta bar kan bona tana yawo tana neman iska, wani wari mai sa hawaye ya tashi. Wannan tanderu ba ya numfashi. Ko ramukan ƙasa sun yi kaɗan, ko an toshe bututun hayaƙi da sunan tsare zafi. Ƙara masa gas a wannan hali ƙara haɗari ne.

Ƙarfin gas da faɗin kafa

Abu biyu ne ke yanke yawan gas da ke isa bona: ƙarfin da ke tura shi da faɗin kafar jet. Ba daidai suke aiki ba. Kafin gas ya ninka ta hanyar ƙarfi sai an ninka ƙarfin sau huɗu. Amma kafar da ke milimita 1, idan allura ta mai da ita milimita 1.4, gas ɗin da ke wucewa ya kusa ninkawa, alhali ido ba zai ga bambancin ba, tagar iska kuma tana nan yadda take. Jet da aka faɗaɗa ba ya gyaruwa, sai dai a sayi sabo mai lamba ɗaya da na asali.

Wannan ne ma ya sa murhunan gwanjo da ake kawowa daga Turai sukan ba da wahala. Da yawansu an yi su ne don gas ɗin bututu na can, wanda ke buƙatar kafa mai faɗi. Aka haɗa su da tukunya sai wuta ta tashi rawaya tana hayaƙi. Rage makunni ba ya magance wannan, sai an sauya dukkan jet ɗin da na gas ɗin tukunya.

Regileta iri biyu ne a kasuwa. Akwai na gida mai ƙaramin ƙarfi, akwai mai babban ƙarfi da ake murɗawa, wanda aka yi wa manyan bona na masu dafa abincin sayarwa. Kowane bona da irin nasa, ba a musanya su. Kuma a jikin kowane regileta an rubuta kilo nawa yake iya bayarwa a awa, na gida galibi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan an jera bona uku ko huɗu a kansa, kowanne zai yi kyau shi kaɗai, a kunna su tare duk su kwanta. Mai gyara na iya tabbatar da haka da farin tiyon nan da magina ke ɗaukar lebur da shi: ya lanƙwasa shi ya zuba ruwa, ya haɗa baki ɗaya da layin gas mai ƙaramin ƙarfi, ya auna tazarar ruwan ɓangarorin biyu alhali duk bona suna ci. Kusan santimita 30 ake nema. Wannan aikin mai gyara ne, ba na yaron shago ba.

Akwai kuma matsalar asuba. Ruwan gas yana jan zafi daga jikin tukunya kafin ya zama tururi, shi ya sa tukunyar da ake ja da ƙarfi take yin gumi, ta yi sanyi, har wani lokaci ta yi farin ƙanƙara. Biyuten yana daina tafasa idan sanyinsa ya kai kusan sifili, furofen kuwa sai ya kai 42 ƙasa da sifili. Da asubahin hunturu, lokacin da masu burodi ke tsakiyar aiki, tukunyar da ta yi ƙasa takan huce har wuta ta ragu alhali da sauran gas a ciki. Wasu sukan kwantar da ita, wasu su tsoma ta a ruwan zafi, wasu ma su matso da ita kusa da wuta. Duka ukun ganganci ne: kwantar da ita yana tura ruwan gas cikin regileta, zafi kuma yana ɗaga ƙarfin cikinta. Maganin shi ne a haɗa tukunya biyu ko uku a layi ɗaya su raba nauyin, ko a koma babbar tukunya. A bazarar Maris da Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, inuwa mai iska tukunya ke buƙata, a tsaye, a wajen ɗakin gashi.

Auna zafin cikin tanderu

Mai tanderun laka yana da hanyarsa: ya zura hannu ko ya watsa gari ya ga saurin da zai yi ja. Tanderun ƙarfe yana zafi da sauri yana hucewa da sauri, don haka hannu ba ya bin sawunsa. Ana buƙatar ma'aunin zafi na tanderu, a rataye shi a tsakiya, inda burodin zai zauna. Wanda aka maƙala a ƙofa zafin ƙofa yake faɗa.

A kunna, a rufe, a rubuta abin da ma'auni ya nuna duk bayan minti biyar. Abu biyu ake nema: minti nawa tanderu ke ɗauka kafin ya kai zafin aiki, da kuma ko yana tsayawa a nan. Burodin Gana mai sukari da bota yana saurin yin ja, shi ya sa digiri 180 zuwa 200 ya fi dacewa da shi. Iskar ciki tana riga ƙarfe da bulo yin zafi, saboda haka ko ma'auni ya kai, a ƙara masa minti goma zuwa sha biyar kafin a zuba kaya. Tanderu mai na'urar tsayar da zafi yakan hau ya sauka, a nan sai a ɗauki tsakiyar mafi sama da mafi ƙasa. Wanda ba shi da ita, a yi wa makunni alama da fenti a inda zafi ke tsayawa daidai.

Shi ma ma'aunin ana gwada gaskiyarsa. Farin sukari yana narkewa a wajen digiri 186. A zuba cokali ɗaya a faranti a sa a tsakiya na minti goma sha biyar. Idan ma'auni na nuna 175 sukari ya narke, tanderun ya fi abin da ake gani zafi. Idan yana nuna 195 bai narke ba, bai kai ba.

Don a san inda zafi ya taru, a jera yankakken burodi a cika tire a kowane hawa, a bar shi 'yan mintoci, a fito da shi a duba. Inda ya yi baƙi, da inda ya yi ja, da inda yake fari, taswirar tanderun ke nan. Idan ƙasa na ƙonewa sama fari, farantin ƙarfen da ke kan bona ya yi siriri ko ya yi kusa da wuta. A shimfiɗa masa jan bulo ko yashi mai tsabta, a bar sarari a gefe don zafi ya hau. Idan gaba ne ke fari, ƙofa ce ke zubar da zafi: tanderu a huce, a maƙale takarda a rufe ƙofa a ja, inda ta zare ba wuya nan ne ba ya kamawa. Idan wani wuri a bangon waje ya fi sauran zafi, audugar gilas da ke tsakanin bangon ta zame ƙasa. Bututun hayaƙi da ya yi faɗi da yawa shi ma yana kwashe zafi. Ana iya rage shi kaɗan ana kallon wuta, amma ba a rufe shi ruf. Sannan a bar tazarar yatsu biyu tsakanin gwangwanaye da bango, a rage buɗe ƙofa. A duk wannan, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a sake gwadawa, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Sikeli da littafi

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 12.8. Bona mai kilowat 10, idan an buɗe shi gaba ɗaya, zai ci kusan giram 780 a awa, wato tukunya mai kilo 14.5 za ta kai shi kimanin awa 18. Ba kowane tanderun walda ke da lamba a jiki ba, amma sikeli yana maye gurbinta. A auna tukunya kafin gashi da bayan gashi, a rubuta bambancin tare da yawan fulawar da aka gasa. Bayan 'yan kwanaki mai burodi zai san kilo nawa na gas buhun fulawa mai kilo 50 ke ci a tanderunsa. Ranar da adadin ya hau ba dalili, akwai yoyo, ko toshewa, ko ƙofa ta saki. Nauyin tukunya ba komai a ciki yana rubuce a jikinta, don haka sikelin zai nuna har abin da aka zuba a wurin cikowa.

Haɗari biyu

Na farko gubar da wuta mara isasshiyar iska ke fitarwa, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 ko fiye. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan mutane biyu ko uku a ɗakin gashi suka yi ciwon kai tare, suka ji sauƙi da fita waje, a kashe tanderu. Wanda ya galabaita a fitar da shi sarari a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Presbyterian na Bawku. Lokacin hunturu ne abin ya fi yawa, saboda ana rufe tagogi don sanyi da ƙura, yara kuma su kwanta kusa da tanderu don ɗumi. Bututun hayaƙi ya fita waje, taga ta zauna a buɗe, kada kowa ya kwana a ɗakin.

Na biyu taruwar gas. Tururinsa ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan tanderu da ƙasan ɗaki, kuma kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari a cikin iska ya isa ya tashi da tartsatsi ɗaya. Warin da ake ji da gangan aka sa masa don a farga. Wajen kunnawa a buɗe ƙofar tanderu, a fara kai wuta bakin bona, sannan a buɗe gas. Idan wuta ta mutu, a rufe gas, a bar ƙofa a buɗe aƙalla minti biyar kafin a sake. Akwai 'yar na'ura mai sanda da ke zama cikin harshen wuta, wadda ke datse gas da kanta idan wuta ta mutu. Duk mai ba da aikin sabon tanderu ya ce a sa masa ita. Idan aka ji warin gas a ɗaki, a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki. Lambar 'yan kwana-kwana a Gana 192 ce, ta gaggawa kuma 112.

Bayan fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Akra ranar 7 ga Oktoba 2017, gwamnati ta ɗauki tsarin musayar tukwane, wanda Hukumar Man Fetur ta Ƙasa, NPA, ke jagoranta, domin a riƙa cika tukwane da duba lafiyarsu a manyan cibiyoyi. Wannan tsari a bakin tukunya ya tsaya. Daga regileta zuwa bututun hayaƙi, amanar tana hannun mai tanderu da mai waldar da ya ƙera shi.

Saboda haka ya dace majalisar gundumar Binduri da ta Bawku, tare da 'yan kwana-kwana, su riƙa tara masu walda da masu burodi suna koya musu girman jet, da ramukan iska, da gwajin yoyo. Masu walda kuma su riƙa rubuta lambar jet da irin regiletan da ya dace a jikin duk tanderun da suka ƙera. Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu masu gidajen burodi, ba a fafe gora ranar tafiya: kada ku jira daren Sallah ko jajibirin kasuwa. Ku tanadi ma'aunin zafi, da sikeli, da littafi, da ruwan sabulu. Ku gwada yoyo duk lokacin da aka sauya tukunya, ku share bona duk wata, lokacin hunturu kuma duk mako biyu, kuma kada ku yarda a ƙara wa tanderu gas sai an share, an duba iska, an auna.